Baƙar Akuyar Tuda

Ni ne Bassu, mahaucin bakin hubbare.
Shekara talatin ina wasa wuƙa a dutse ɗaya,
har dutsen ya yi kwarmi kamar tafin mai roƙo.
Kai da fata rabona ne,
ƙafafu na makahon da ke share farfajiya.

Ranar Alhamis Tuda ta hauro duwatsun Atlas,
alfadari a gaba, baƙar akuya a baya,
tana haki, akuya na turjiya,
jikanta Hammu na biye, fuska ba annuri.

"Bara da zazzaɓi ya kayar da yaron nan," in ji ta,
"na zo na kama ƙarfen tagar can,
na ce, Sidi Warzig, in ya tashi akuya taka ce.
Ga shi ya tashi. Ga ni. Alkawari kaya ne."

Hammu ya ce, "Kaka, wanda ke kwance a ciki
ko ƙudan kan mayafin kabarinsa ba ya korewa.
A Fas an karantar da mu:
abin da aka yanka don wanin Allah mushe ne,
ko an yi masa bisimilla sau bakwai."
Ta ce, "Bakin da na ɗura wa ruwa da cokali,
yau shi ke yi mini fatawa."

Na tsaya da wuƙa a hannu, ban ce uffan ba.
Wanda tukunyarsa ke tafasa da abu
ba ya zama alƙalinsa.

Aka kira Si Fadil, limamin ƙauyen gangare.
Ya zauna kan buhun sha'ir, ya karkaɗe riga.
Bai dubi akuya ba, Tuda ya duba.
"Ranar da kika kama taga, wa kika zaci zai warkar?"

Shiru, sai kukan akuya.
"Allah mana," ta ce.
Can kuma, murya ƙasa-ƙasa:
"Amma ina tsoron in ban biya Sidi ba
ya yi fushi ya dawo da zazzaɓin."

"To, wannan tsoron za mu fara yankawa.
Jini ibada ne kamar sujada,
ba a kai shi ƙofa biyu.
Bakance ga mamaci ba ya ɗauruwa.
In kin yanka don Allah, kin ciyar da mai yunwa,
kika roƙi ladan ya isa ga bawan nan nasa,
malamai sun ce sadaka ce, tana isa.
A kan wuri suka rabu:
wasu sun ce niyya ta wadatar,
wasu sun ce a nisanci kabari,
kada na baya ya ga jini ya ce na waliyyi ne.
Ni da na biyun nake.
Kuma ai gangara ta fi hawa sauƙi."

Muka gangara.
Bayan makaranta, gefen magudanar ruwa,
na kwantar da akuya ta fuskanci alƙibla,
na ambaci suna ɗaya, ban haɗa da kowa ba.
Cinya ga masu fasa dutsen hanya,
haƙarƙari gidan marayun Addi,
hanta kuwa Tuda ta gasa wa Hammu,
ya ci kansa a sunkuye.

Washegari ta sake hawa, hannu wofi.
Na ji ta a bakin taga tana sallama:
"Sidi, yau ban zo roƙonka ba.
Ni na kawo maka addu'a,
Allah ya yalwata maka makwanci."

Daren nan barci ya ƙi ni.
Na yi ta ƙirga kawunan shekara talatin,
raguna, bunsuru, har bajimi biyu,
ba wanda na taɓa tambaya, don wa?

Alhamis ta zagayo.
Ga wani ya hauro da farin rago mai ƙaho,
fatarsa za ta sayi man zaitun na wata guda.
Na dubi fata, na dubi mutumin.
Wuƙa na cikin kube.
Na ce, "Zauna tukuna, ka sha shayi,
ina da tambaya."